Shugabanmu zai yi ritaya bayan shekara 17: kishin makarantar zai bi shi ya tafi?

Tambaya daga wani malami a Daura: "Shugaban makarantarmu, sakandaren kwana ta maza, zai yi ritaya ƙarshen wannan zango bayan shekara 17 a kan kujerar. Ni ne mataimakinsa, kuma da alama ni za a ba riƙo. A zamaninsa yara suna alfahari da makarantar, tsofaffin ɗalibai ba sa nisa da mu. Kowa cewa yake kwarjininsa ne, ni kuwa ba ni da irin wannan kwarjini. Me zan riƙe, me zan sake?"

Malam, Allah ya taya ka riƙo. Ka fara ajiye maganar kwarjini a gefe. Kwarjini gaskiya ne, amma zango ɗaya yake yi wa mutum aiki. Bayan wata uku yara sun gama karantar shugabansu tsaf: sun san ƙarar babur ɗinsa ko motarsa, sun san ranar da yake zuwa da wuri, sun san ɗan wa ake dukansa da ɗan wa ake yi wa faɗa kawai. Daga nan abin da suke aunawa ɗaya ne, wato ko maganar da ya faɗa ranar Litinin tana nan daram ranar Alhamis. Abin da mutanen gari ke kira kwarjinin maigidanka, yawancinsa ayyuka ne ƙanana da ya yi ta maimaitawa har suka zama al'ada. Aiki kuwa ana koyonsa.

Ga dalilin da ya sa daɗewa ke da tasiri. Yaro yana shiga aji ɗaya na ƙaramar sakandare ya fita daga aji uku na babba bayan shekara shida. Sabon shugaba a shekararsa ta farko yana mulkin yaran wani ne, domin aji biyar cikin shida a hannun magabacinsa suka tashi. Sai ya cika shekara shida kafin ya zama babu yaro ko ɗaya a makarantar da ya san wani tsari ban da nasa. A lokacin ne doka ke daina zama "abin da firinsifal ya ce", ta koma "haka ake yi a nan". Siniya ne zai gaya wa sabon shiga, ba malami ba. Maigidanka ya yi kusan zagaye uku na wannan. A makarantun da aka raba ƙaramar sakandare da babba, kowace da shugabanta, zagayen shekara uku ne, shi ya sa al'ada ta fi saurin kafuwa a can, ta kuma fi saurin rushewa. Kuma wannan lissafin ne ke nuna illar canjin wurin aiki da ake yi wa shugabanni duk bayan shekara biyu: ana tumɓuke shuka kafin ta yi saiwa, sannan a yi mamakin rashin inuwa.

Ma'anar wannan a gare ka ita ce kana da jari. Yaran da ke hannunka yanzu sun riga sun san tsarin. Ba gini za ka fara ba, tsaro za ka yi.

Sai ka duba safiyarsa. In ka lura da kyau za ka ga rabin aikinsa yana ƙarewa kafin ƙarfe tara. Shugaban da ya riga malamai isowa ba ya buƙatar yin dogon jawabi a kan makara. Littafin sa hannun malamai a ja masa jan layi a lokaci ɗaya kullum, duk wanda ya zo bayan haka ya sa hannu a ƙarƙashin layin, har da kai in ta kama ka. Taron safe kada ya wuce minti goma sha biyar: addu'a, taken ƙasa, sanarwa, magana ɗaya tak, a watse. Shugaban da ke tsayar da yara minti arba'in a rana ko cikin sanyin hunturu yana wa'azi, darasin farko yake cinyewa, kuma yaran sun daina ji tun minti na goma. Bayan an shiga aji sai zagaye, da ƙafa, ba tare da sanarwa ba, kuma kada ya zama hanya ɗaya kullum. Ba sai ka shiga ajin ba. Wucewa ta jikin taga ya isa malami ya san an ga yana nan, ko an ga ba ya nan.

Ka riƙe wannan lissafin don ranar da wani zai ce maka minti biyar ba komai ba ne. Darasi minti arba'in ne, takwas a yini. In kowane malami ya makara minti biyar, an yi asarar darasi guda cur a yinin. A zango mai mako goma sha uku, kowane aji ya rasa darasi sittin da biyar. Ba wanda ya yi fashin aiki, amma manhaja ba za ta ƙare ba.

Amma a makarantar kwana, in kana son sanin inda kishi ke rayuwa ko mutuwa, ka nufi kicin. Kusan duk boren ɗalibai da za ka ji labari, in aka bi diddigi, daga tukunya ya taso, ko daga ruwa. Yaro zai yafe maka rashin malamin Fiziks na wata guda, ba zai yafe kunun da ya zama ruwan zafi ba. Abin yi a nan a bayyane yake. Ka sa a auna a gabanka sau ɗaya: tiya nawa aka zuba, yara nawa suka ci suka ƙoshi. A ce ka samu tiya ɗaya ta masara tana ciyar da yara goma, kuma kana da yara ɗari takwas, to tiya tamanin ake buƙata a girki ɗaya, wato buhu biyu, tunda buhu yana ɗaukar tiya arba'in ko kusa da haka. Ka rubuta wannan ka manna a bangon sito. In aka riƙa rage tiya biyar kawai a kullum, ba mai ganewa da ido a rana ɗaya, sai dai gabzar ta ɗan ƙanƙance. Amma a kwana casa'in an kwashe tiya ɗari huɗu da hamsin, buhu goma sha ɗaya da ɗoriya. Saboda haka ƙofar sito a sa mata kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya a hannun mai sito, ɗaya a hannun malamin da ke kula da abinci, kuma ɗalibin da aka naɗa kan abinci ya tsaya a wurin awo ya sa hannu. Kai kuma ka riƙa shiga ɗakin cin abinci ba zato, ka ɗauki kwano daga layin yara, ba wanda kuku ya ware maka ba. Miyar kukar da aka zuba wa shugaba daban ba ta taɓa faɗin gaskiya ba.

Haka ruwa. Famfon burtsatse ɗaya ya lalace a watan Afrilu, yara suka fara fita gari nema, to ka buɗe ƙofar guduwa, makara da faɗa da mutanen unguwa duk a lokaci ɗaya. Ka san mai gyara, ka ajiye kuɗin gyara a gefe, kada ka jira takarda ta je ofishin shiyya ta dawo.

Sai shugabannin ɗalibai. Nan ne shugabanni da yawa ke yin kuskure, su zaɓi ƙato saboda ana tsoronsa. Wanda ake tsoro yana samar da shiru, ba ya samar da tsari. Hanyar da ta fi aiki ita ce a tsamo sunaye daga aji biyu na babbar sakandare a zango na biyu, malaman aji da malaman gidaje su tace, a yi wa yaran tambayoyi, a ba su riƙo na gwaji a zango na uku lokacin da 'yan aji uku suka shiga jarrabawar WAEC da NECO. Wanda ya ci gwajin a tabbatar da shi a farkon sabuwar shekara, a gaban kowa. A rubuta musu iyakarsu a takarda: suna iya sa shara, ciyawa ko ɗiban ruwa na makaranta, amma ba duka, ba ƙwace abinci, ba aiken juniya wanki. Tsohuwar ƙa'ida ma ita ce bulala ta shugaba ce ko wanda ya wakilta, kuma sai an rubuta a littafin horo: sunan yaro, laifinsa, adadi da kwanan wata. Yau an fi karkata ga barin dukan gaba ɗaya, kuma ni ma ina ganin hakan ya fi, amma ko wane horo ka zaɓa, littafin nan kada ya mutu.

Zaluncin siniya shi ne ƙwaron da ke cin kishin makaranta ta ciki. Yaron da ya kwashe shekara uku ana ƙwace masa garin kwaki da sukari, ana sa shi tsallen kwaɗo da tsakar dare, abu ɗaya yake jira: ya girma ya rama a kan na ƙasa. In ya fita kuma ba zai waiwayo ba. Ba a gano wannan da rana. Sai an shiga ɗakin kwana bayan an kashe fitila, sau biyu ko uku a mako, a ranaku mabambanta. Kuma ranar da aka kama hedboyi da kansa, ko ɗan wani mai faɗa a ji a gari, duk makarantar za ta zuba ido. Waya za ta yi ta ƙara. Hukuncin da ka yanke a ranar ya fi jawabin shekara guda.

Gidajen ɗalibai su ne ke juya tsari ya zama alfahari. Yaro ɗan shekara goma sha biyu ba ya iya son makaranta mai mutum dubu, amma yana iya son gidansu mai launin kore da ke neman kayar da mai launin ja. A ƙasar Katsina da Daura sunaye ba su yi ƙaranci ba, daga Bayajidda da Daurama zuwa Dikko da Nagogo. Kuskuren da ake yi shi ne a bar gasar ta zama ta yini ɗaya a shekara, a yi guje-guje da tsalle-tsalle, a ba da kofi, a manta. A sa maki ya riƙa taruwa duk mako: duba tsafta ranar Asabar, kacici-kacici, muhawara, musabaƙa, ƙwallo, har da halartar karatun dare. A karanta sakamako a taron safiyar Litinin, a rubuta a allo. Ta haka yaron da ba ya iya gudu amma ya iya lissafi shi ma yana kawo wa gidansu maki. Rabon sababbin ɗalibai kuma a yi shi da ƙuri'a ko bin rajista, kada a bar 'yan gari ɗaya su taru a gida ɗaya, don nan ne ɓangaranci ke farawa. In makarantarku na da filin wasan Fives, wanda ake buga ƙaramar ƙwallo da tafin hannu a jikin bango, kada ka bari ya zama wurin shanya. Wasa ne da Katsina ta yi suna a kansa tun zamanin tsohuwar kwaleji, Sardauna ma ya buga shi, kuma ba ya cin kuɗi.

Malamai kuwa, ba kai ke biyansu albashi ba, ba kai ke yi musu ƙarin girma ba. Abin da ke hannunka adalci ne. Jadawalin darussa shi ne wurin farko: in wani yana da darasi ashirin da takwas a mako, wani goma, kuma kowa ya san dalili, ɗakin malamai ya rabu biyu ke nan. Haka sunayen da ake turawa bita ko aikin sa ido a jarrabawa, inda ake samun ɗan alawus. A yi layi, a bi layi. Kada ka taɓa yi wa malami faɗa a gaban ɗalibai, ko da shi ne da laifi. Ka kira shi ofis. Sannan zumunci: suna, biki, rashin lafiya, ta'aziyya. Tsofaffin shugabanni ba su wasa da wannan, kuma ba don neman suna ba ne. Malamin da shugabansa ya tsaya a kansa ranar da aka kwantar da matarsa a asibiti ba ya buƙatar jan layi. 'Yan bautar ƙasa da aka turo daga kudu, wasu ba su taɓa tsallaka Zariya ba, ka sama musu ɗaki mai ƙofa da ruwa kusa, domin sau da yawa su ne ke riƙe maka Turanci da kimiyya na shekara guda.

Wata magana da ba a son faɗa: satar amsa. Makarantar da ake tara kuɗi a "taimaka" wa yara a ɗakin jarrabawa tana iya fitar da sakamako mai kyau, amma yaran sun san yadda aka yi. Ba wanda ke alfahari da abin da ya san na bogi ne, kuma 'yan aji ɗaya suna ji, sai su daina karatu tun daga lokacin. Ga kuma haɗarin hukumar jarrabawa ta riƙe sakamako ko ta soke cibiyar. In maigidanka ya tsare wannan ƙofa, to ka sani masu son buɗe ta za su gwada ka a shekarar farko, da sunan tausayin yara.

Kuɗi kuma, a taƙaice: duk abin da ya shigo ta ƙungiyar iyaye da malamai, ko kwamitin al'umma na kula da makaranta, ko gudummawar tsofaffin ɗalibai, a sa shi a asusun banki mai sa hannu biyu ko uku, a karanta lissafi a taro, a manna kwafi. Kada kuɗin makaranta ya kwana a aljihunka ko na dare ɗaya.

Game da tsoronka cewa komai zai bi shi ya tafi, tarihin jiharmu ma ya ba da amsa. Kwalejin Katsina da Gwamna Clifford ya buɗe a 1922, wadda ta yaye Sardauna da Tafawa Ɓalewa, an ɗauke ta zuwa Kaduna a 1938, daga nan aka kai ta Zariya a 1949, aka canza mata suna zuwa Kwalejin Barewa a 1971. Ginin farko yanzu gidan tarihi ne a cikin birnin Katsina. Gari ya canza, suna ya canza, shugabanni sun zo sun wuce, amma tsofaffin ɗalibanta har yau suna ɗaukar kansu 'yan gida ɗaya. Nan Daura ma kun sha ganin abokan karatun marigayi Muhammadu Buhari na makarantar Midil ta Katsina suna kawo masa gaisuwar sallah, dattawa masu furfura, shekara sittin da wani abu bayan sun bar aji. Abin da ya ɗaure su ba mutum ɗaya ba ne, rayuwar da suka yi tare ce a ƙarƙashin tsarin da bai sauya musu fuska ba. Don haka ka nemi rajistar shiga makaranta tun daga ta farko, ka sa a fitar da sunayen kowane aji shekara-shekara, ka nemo mutum ɗaya daga kowane aji. Kuma kada kiran farko da za ka yi musu ya zama na roƙo. Ka gayyace su ranar ba da kyaututtuka, likita ya yi wa yara magana, injiniya ya yi, soja ya yi. In za a nemi taimako, a nemi abu takamaimai mai farashi: benci hamsin, rufin aji ɗaya, famfo ɗaya, a kuma nuna musu shi bayan an yi.

Yanzu ɓangaren da masu yabo ba za su gaya maka ba. Daɗewa tana da nata cututtukan. Wanda ya shekara 17 ya tara 'yan gaban goshi ko bai so ba, kuma akwai malaman kirki da suka yi shiru tuntuni saboda sun ga ba a jin tasu. Akwai maigadi ko mai sito da ya daɗe har ya fi ƙarfin tambaya. Akwai abubuwan da ke tafiya da wayarsa kawai: mai kawo itace da ke ba da bashi saboda shi, jami'in da ke sa hannu da wuri saboda tsohon ɗalibinsa ne. Mafi muni, akwai ilimin da ke cikin kansa kaɗai, kamar iyakar filin makaranta, yarjejeniyar baka da mai unguwa a kan gonar bayan katanga, da bashin da ake bin makaranta. Ranar da ya tafi, masu cin iyaka za su fara matso da shinge.

Saboda haka makonnin nan da suka rage sun fi duk wata walimar bankwana muhimmanci. Ka roƙe shi ku zaga iyakar makaranta da ƙafa tare da mai unguwa da shugaban iyaye, a ɗauki hoto, a rubuta. Ku ƙirga kayan sito, ɗakin gwaje-gwaje da laburare, ku sa hannu ku biyu. A rubuta duk bashi, na shiga da na fita. A canza masu sa hannu a banki. Takardun shaidar jarrabawa na tsofaffin ɗalibai da ba a karɓa ba a ƙirga su ɗaya-ɗaya, don wannan kaya ne da ke jawo wa shugaba tuhuma. Ka sa ya kai ka da kansa gaisuwa wurin hakimi, limamin Juma'a, DPO da ofishin ilimi na shiyya, ya ce ga wanda zai riƙe. Tun bayan sace ɗaliban sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020, babu shugaban makarantar kwana a jihar nan da zai ɗauki wannan alaƙa da wasa: lambobin jami'an tsaro da 'yan sintiri su kasance a wayarka da ta malaman gidaje, a riƙa kiran suna safe da dare, yara su san inda za su taru in an buga ƙararrawa a lokacin da ba a saba ba. Sannan ka karɓi babban littafin tarihin makaranta, wanda shugaba ke rubuta abubuwan da suka faru da hannunsa, ka karanta shi daga farko. In ka tarar an daina rubutu shekaru da suka wuce, ka zaunar da shi ya ba ka labari kana rubutawa.

Abin da za ka sake, kada ka taɓa shi a zangon farko, in ba zalunci ba ne, ko sata, ko abin da ya shafi tsaron rai. Waɗannan ba sa jira. Sauran ka rubuta su a littafinka ka yi shiru. A zango na biyu ka ɗauki guda ɗaya ko biyu, ka fara kai su taron malamai kafin taron safe. Taken makaranta, launin gidaje, ranar wasanni, kayan makaranta, ka bar su yadda suke ko da ba su burge ka ba, don na yara ne da tsofaffin ɗalibai. Kada kuma ka kwaikwayi muryarsa ko tafiyarsa, yara za su gane a rana ɗaya, kuma laƙabin da za su sa maka ba zai goge ba. Sarki goma zamani goma. In shi mai tsawa ne kai mai sanyi, ka tsaya a sanyinka, muddin layin nan ana jan sa a kan lokaci.

Shi kuma maigidan, in a cikin Daura zai zauna, za ka ga malamai da iyaye suna kai masa ƙararka a zaure. Ka riga su. Ka riƙa zuwa gaishe shi kana neman shawara a keɓe, ka ba shi kujerar gaba ranar ba da kyaututtuka, in ana so a sa wa wani gida ko laburare sunansa ka goyi baya. Amma ka roƙe shi abu ɗaya cikin ladabi tun yanzu: duk wanda ya kawo masa ƙara, ya ce masa ya koma wurin shugaban makaranta.